Ledar zance: me zaka kai, me zaki karɓa, waye ma zai ci

Mu bakwai ne mata a gidanmu in ka haɗa da 'ya'yan kawu da aka riƙe, kuma nice babba, to kaga babu irin ledar da ban ga ta shigo ta zaurenmu ba. Na ga ta tsire, na ga ta kifi, na ga wadda aka buɗe aka tarar da burodi guda ɗaya da ƙullin sukari, na kuma ga wanda ya sauke mana gasassun kaji biyu a zuwansa na farko daga ranar ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ku samari iyakarku ƙofar gida, kun miƙa leda kun tada mashin kun tafi, abin da ake yi da ita a ciki da abin da ake cewa a kanta ba ku sani ba. Ni na sani. Shi yasa da ƙanin maigidana ya fara neman wata yarinya a wani ƙauye can wajen Gaya, ya zo yana sosa ƙeya wai matar Yaya me ya kamata in dinga kai mata, nace zauna, ka zo gidan magana. Abin da na gaya masa ne zan rubuta, da ɗan ƙari don 'yan mata su ma ba zan bar su ba.

Abin da zaka fara sawa a ranka, ƙanina, shi ne ba ita zata ci ba. Eh, da sunanta ka sayo, ita zaka miƙa wa, amma ledar nan ta gidan ce. A gabanka dai ko zata mutu da yunwa ba zata kai loma baki ba, wannan kunya ce kuma ba ta da magani, kar ma ka wahalar da kanka da "haba ki ɗan taɓa mana". Tana shiga gida ɗakin Inna zata kai ta ajiye, ta wuce kamar ba ta san me ke ciki ba. Inna ce zata kwance. A cire na kaka, a cire na abokiyar zaman Inna, a ba matar yaya, sai yara su yi layi. Ita mai saurayin in ta samu yanka biyu ta gode Allah, wani lokacin ma cewa zata yi ta ƙoshi don kar ƙanne su sa ta a waƙa. Baba kuwa ba a kai masa, in ma an kai zai yi kamar bai gani ba, akwai iyayen da har su mutu ba sa cin abin hannun saurayin 'yarsu sai an ɗaura aure.

To tunda haka ne, abin da zai rabu shi zaka saya. Askirim roba ɗaya ko shawarma ɗaya da ka gani a waya, wa za a ba wa za a hana? Kafin ma ka iso daga bakin titi ya narke ya zama kunu. Amma tsire ko balangu ko soyayyen kifi ko kankana ko rake, kowa zai samu abin taɓawa, kuma duk bakin da ya taɓa gobe shi zai ce yaron nan yana da kirki.

Zuwan farko kar ka ɗauko komai mai nauyi. Ba a san ka ba, ba a san ɗan waye ba, wataƙila ma ba a ba ka izinin tsayawa ba tukun, don gidaje da yawa yanzu sai ka gaida Baba ko kawu an tambaye ka asalinka da sana'arka kafin a bar yarinya ta fito. In ka zo da ƙatuwar leda a ranar, a ciki cewa za a yi wannan ko ɗan ƙarya ne ko yana da abin da yake ɓoyewa. Abin da zaka riƙe a aljihu alewa ce ko biskit, saboda yaron da zaka aika yace ana sallama da wance. Yaron nan kar ka raina shi, shi ne ɗan aikenka, shi ne mai ba ka labarin ko wani na zuwa ranar da ba ka zo ba, shi ne kuma zai iya shiga ya fito yace wai ta yi barci alhali ko faɗa mata bai yi ba.

In an shimfiɗa maka tabarma a zaure ko a dakalin ƙofar gida, ta fito da ruwa, ka sha. Wannan na maimaita wa ƙanin mijina har sau uku. Ko ruwan randa ne a kofin silba, ko fiya wata ce a faranti, ko zoɓo ko kunun aya, ka karɓa da hannun dama ka yi bismilla ka kurɓa. Akwai wanda ya taɓa zuwa wajen ƙanwata ta uku, aka kawo masa ruwan randa mai sanyi da ƙamshin turare, ya leƙa kofin yace shi ruwan gora yake sha. Wallahi har ya gama zuwansa a gidanmu sunansa Ruwan Gora, har kaka haka take kiransa, kuma auren bai yiwu ba, ban ce saboda ruwan ba ne amma dai ruwan bai taimaka ba. In kana da dalili na ciwo ka faɗa da ladabi, in babu ka sha. Kar kuma ka ɗaga jug ka shanye tas kamar wanda ya dawo daga huɗa, ka rage.

Af, zoɓon nan da ake kawo maka kana ganin abin banza ne, shi ne fa ake lodawa a tirela daga kasuwar Maigatari a kai Legas a sa a jirgin ruwa har Meziko. Ku kuma ana ba ku kyauta da citta da kanumfari kuna yatsina fuska.

Daga zuwa na biyu ko na uku sai ka fara riƙo wani abu, kuma ka haɗa shi da ranar kasuwa don ranar ce nama yake sabo kuma kake da zaɓi. Mutanen wajen Wudil ku Juma'a ce taku, na Gujungu da Dambatta Lahadi, na Maigatari Alhamis, kowa dai ya san tasa. Ranar kasuwa tana da wani amfanin ma, ledar zata zama tsarabar kasuwa, wato abu ne da kowa ya saba, ba wanda zai ce ka zo nuna arziki.

Sayen tsire shi ma sai an koya. Kar ka tsaya daga kan mashin kace a naɗo maka na dubu biyu, sauka zaka yi ka je bakin tukuba ka nuna da hannunka. Wanda yake jere a jikin wuta yana tsiyayar mai shi kake so, ban da wanda aka tara a gefe aka lulluɓe da takarda, sau da yawa kwantan jiya ne aka shafa masa mai aka ɗumama, zaka gan shi ya yi baƙi ya bushe daga gefe-gefe. Kace a ɗan ba ka ɗanɗano, ba abin kunya ba ne. Kace yaji daban, albasa da tumatir daban, don in aka yanka albasa a kan nama mai zafi aka ƙulle a leda ka yi tafiyar rabin awa a mashin, kafin ka isa ya jiƙe ya saki wani wari-wari. Kuma akwai tsofaffi da yara a gidan da ba sa son yaji. A naɗe a takarda tukun sannan a sa a leda, ledar ma kar a ɗaure bakinta tam, a bar zafin ya dinga fita. In da hali ka haɗa da gurasa guda huɗu ko biyar, ita ce ke sa nama kaɗan ya auku. Balangu ya fi tsire taushi in mai gashin ya iya, kace a sa maka hanta da ɗan kitse saboda tsofaffi. Kilishi kuma amfaninsa ba ya lalacewa da wuri, in garin da nisa ko sai gobe zaka je shi ne abin saya, illarsa tsada da kuma haƙori.

Kifi, in kana ɓangaren Haɗejiya ko Wudil ai ba sai an gaya maka ba, kun fi mu sani. Abu ɗaya dai, soyayye ka shinshina kafin a naɗe, in ka ji man ya yi tsami ka bar shi. Busasshe ko banda kuwa kai tsaye tukunyar Inna zai faɗa, kuma ni a ganina babu ledar da ke sayen zuciyar uwa irin wadda ta shiga miyar dare.

Fura da nono kar ka sayi damammiya in zaka yi nisa da ita, musamman da bazara, tsami zata yi ta kumbura a hanya. Ka sayi curin furar daban, nonon daban a jarka mai tsabta, su dama da kansu. Ka nemi kindirmo in akwai, don tsala ruwa ce rabi wani lokacin ma an kaɗa mata garin kuka don ta yi kauri. Ƙanƙarar da ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba ka bar ta, da damina musamman lokacin da amai da gudawa ke yawo. Ka yi tunanin ace ledarka ce ta kwantar da gida guda, da wane ido zaka koma?

Kuma ba dole sai nama ba fa, wannan ne samari ba sa ganewa. Kowane lokaci da abinsa. Da damina ga ƙwan zabi ga ɗanyar gyaɗa ga sabuwar masara, da kaka ga rake ga dankali, da zafi ga mangwaro ga kankana. Wanda ya biyo ta Dutse ya riƙo dabino. In manomi ne kai, abin gonarka ya fi komai daraja, ka ciko buhun leda da yalo ko tumatir ko albasa daga fadamarka kace a kai wa Inna, wannan ya gaya musu kana da abin yi ba sai ka buɗe baki ba. Mijin ƙanwata ta biyu da kabewa ya fara, muna ta dariya, yau 'ya'yansu huɗu.

Kaka kuma kar ka manta da ita ko sau ɗaya. Goronta daban, a ƙulle daban, kace wannan na amaryata ne. Ita ai dama kishiyar jikarta ce a wasa, zata leƙo tace kai angon ƙarya yau me ka kawo min, ka biye mata ku yi ta yi. Duk gidan ba wanda zai iya shiga ɗakin Baba yace yaron nan a ba shi sai ita.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne. Ka fara da abin da zaka iya ɗorewa a kai. Neman aure a ƙauye ba sati biyu ba ne, wani sai ya shekara, wani biyu, ana jiran kaka ana jiran a gama ginin ɗaki ana jiran yayarta ta fita. In ka fara da kaza, ranar da ka kawo ƙosai za a ce ya karye ko ya fara janyewa, amma in ka fara da rake ranar da ka kawo kaza sai a yi ta shi maka albarka, kazar nan dai ita ce ba a canza ta ba. Kuma kar ka mai da shi kullum, in kullum ka zo da leda to ranar da ka zo hannu biyu yaran gidan ma ba za su gaishe ka da daɗi ba. Wata rana ka kawo, wata rana ka zo haka nan ku yi hirarku. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda abubuwa suka koma, man da zaka zuba a mashin ka je ka dawo ma kuɗi ne, iyayen yarinyar su ma a ƙasar suke sun sani. Bashin mai tsire kuwa kar ka soma, wanda ya ci shinkafar rance tasa ya ci, kuma mai tsire ba ya da sirri, a gaban mutane zai tare ka ranar kasuwa, wataƙila ma ɗan uwan yarinyar na tsaye a wajen yana jiran a naɗa masa nasa.

In kuɗi zaka bayar maimakon leda, kar ka ƙirga a gabanta, kar kuma ka tsaya ja-in-ja don zata ce a'a ka bar shi, haka ake yi. Ka ajiye a gefen tabarma ko a kan farantin da aka kawo ruwa, ko ka ba ƙaninta kace ya kai mata ciki, ka yi sallama.

To ke kuma ƙanwata, juyo nan.

In an miƙo miki ki sa hannu biyu ki karɓa, kice an gode Allah ya ƙara buɗi, ko da kin hango abin bai kai yadda kike so ba. Kar ki buɗe a gabansa kar ki auna nauyinta da hannu, suna lura. Washegari in ya kira kice Inna tace a gode, kaka tace kaza, wannan ya fi masa daɗi a kan naki godiyar. Abin da na tsana kuma yanzu ya zama yayi shi ne oda ta waya, wai in zaka zo ka taho min da yogot da kaza da indomi. Haba. Mutumin da ko sati uku bai yi da fara zuwa ba? In da kwaɗayi da wulaƙanci. Zai kawo ɗin, amma a majalisarsu za a ji, kuma sunan da za su sa miki ba zaki so shi ba. In shi ya tambaya me kike so, ki faɗi abu mai sauƙi guda ɗaya ki yi shiru.

Wanda kuma kin san a ranki ba zaki aure shi ba, ki daina karɓar ledarsa. Na san da wuya don yaran gida sun saba, Inna ma wani lokacin ita ce zata ce ke dai karɓo, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ga inda aka fasa, saurayi ya zo gaban mai unguwa da littafi, ashe tun ranar farko yake rubutawa, tsire na kaza ranar kaza, lemo kwalba biyu, har da cingam. Mutane suka yi masa dariya, dattawa suka ce abin da aka ci ya shiga ciki ba a biyansa, sai kayan da aka kawo da sunan aure ne ake mayarwa, amma kunyar da yarinyar da iyayenta suka sha a zaman nan fa? Kai ma saurayi in ka san mai rubutawa ne kai, to ka riƙe abinka tun farko.

Zancen ki yi masa girki, wannan sai tafiya ta ɗan yi nisa, an san da shi a gida, kuma da sanin Inna. Ki yi abin da hannunki ya faɗa a kai, in waina ce waina, in dambu ne dambu da zogale da gyaɗa, in ɗanwake ne ya ji mai da yaji. Kar ki je koyon sabon girki a waya ranar ki gwada a kansa. Ki kuma sani ba shi kaɗai zai ci ba, kamar yadda ledarsa ta gidanku ce haka kularki ta shagon samari ce, abokai biyar za su sa hannu, su ne alƙalan, don haka ki cika. Ki ba yaro mai hankali ya kai, ba wanda zai tsaya ƙwallo a hanya ba.

Kai kuma in an kawo, yaron da ya ɗauko a ba shi tukwici, a wanke kular, kuma ba a mayar da ita haka nan, ko sabulu ko 'yan kuɗi ko dabino a saka a ciki. In gishiri ya yi yawa ka haɗiye maganarka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci in ba ya so ya bari. Na san kuma akwai maganar barbaɗe, wata uwar zata ce kar ka kuskura ka ci abincin gidan budurwa za a mallake ka. Ba zan ce ka saɓa wa mahaifiyarka ba. Ka karɓa ka yi godiya, abokai su cinye, ka mayar da kula da tukwici, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Abin da ba a yi shi ne a mayar da abinci yadda aka kawo shi, wannan zagi ne har ga iyayenta. Ni dai ra'ayina, gidan da kake tsoron tuwonsu me ya kai ka neman 'yarsu, ai in an yi auren ita zata dinga dafa maka safe da dare.

Sai maganar fita cin abinci a waje, wadda ita ce samarin yanzu suka fi ɗoki saboda abin da suke gani a TikTok. A ƙauye dai ka san babu inda zaka kai ta. Teburin mai shayi wajen maza ne, in ka zaunar da 'yar mutane a bencin nan ana soya muku indomi da ƙwai, kafin ku tashi labari ya riga ku isa gida. Rumfar mai abinci a kasuwa ma haka. Damar da ake da ita ta gaskiya ita ce sallah da biki. Da sallah 'yan mata na tafiya kallon hawa a Dutse ko Ringim ko Gumel ko Kazaure ko Haɗejiya, na ɓangaren Kano su shiga birni, wasu su wuce gidan zu. To a nan ne zaka iya cewa zaka ɗauki nauyin mota da abin da za a ci. Amma ka nemi izini a gida da bakinka ko ta wajen yayanta, kar kace ta yi ƙaryar zata gidan goggo. Kuma ba ku biyu ba, da ƙanwarta ko ƙawarta ko ƙaninta, ka sa su cikin lissafi tun daga gida, in kuɗin mutum biyu ne da kai to ba ka da kuɗin fita. Keɓewa da wadda ba muharramarka ba addini ya hana, gari ma ba zai ƙyale ku ba, ga kuma Hisba da ke aiki da dokarta a Kano tun 2003, Jigawa ma akwai su. Ku zauna inda jama'a ke gani, ku dawo kafin magariba.

In kun shiga gidan abinci ka tambayi kuɗin kowane faranti kafin a zubo, ba ƙauyanci ba ne, ƙauyanci shi ne a gama ci ka fara lalube aljihu kana zufa. Ka riƙe tsabar kuɗi, kar ka dogara da taransfa, duk wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 ya san yadda ake tsayuwa gaban mai kaya ana jiran alat sabis ya ɗauke. Ka bar ta ta zaɓa, in ta yi shiru, kuma zata yi, ka tambayi ƙawar, ita zata faɗa. Kar ka yi mata odar abin da sai da wuƙa da cokali mai yatsu ake ci don ka nuna ka waye. Kuma ka sani ko a can ɗin ma tsakura zata yi, cokali uku tace ta ƙoshi. Kar ka ce asarar kuɗi, kar ka jawo farantin gabanka ka ƙarasa, kace a juye a tekawe ta tafi da shi, ka ƙara da wani abu na mutanen gida. Kaga mun dawo kan leda. Kai kuma ka ci naka a hankali, ka ci gabanka, ƙashin kaza ka bar shi ya huta yau ɗaya dai, ka ƙarasa tauna kafin ka yi magana.

Shan lemo kwalba ɗaya da tsinke biyu, ko ba ta a baki, ku bar wa 'yan fim, in an ɗaura kwa yi a ɗakinku. Kowa da kwalbarsa. Ke kuma wannan ki riƙe shi da kyau ko da wa kika fita, lemon da zaki sha a buɗe shi a gabanki, wanda aka kawo miki a buɗe ko aka juye a kofi a bayan idonki ki bar shi, in kin tashi kin dawo ma kar ki koma kan ragowar. Ba zargin kowa nake ba, amma ba yau aka fara zuba abu a lemo ba, maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta hana a 2018 ai cikin kwalbar lemo ake juye shi a sha a gaban mutane ba wanda ya gane. Mutumin kirki ba zai ji haushi don kin ce a kawo wanda ba a fasa ba, in kuwa ya ji haushin to ki ja ƙawarki ku nemi mota.

Hoto kuma, kar ka ɗauke ta tana ci, kar ka ɗora a sitatus. Yayanta na da lambarka, ko abokin yayanta.

Azumi shi ne babban gwaji. Kayan shan ruwa ana kai su a farkon wata ko cikin goman farko, sukari da madara da ganyen shayi da dabino, in da hali ƙwai da lemon zaƙi ko kankana, kuma da sunan gida ake kaiwa, ka ba ƙanwarka ko matar yayanka ta kai ya fi mutunci a kan ka ɗauka da kanka. Su kuma za su dinga aiko da kunu da ƙosai, ko kunun tsamiya ko na gyaɗa, wannan ko mai tsoron barbaɗe da wuya ya iya kau da kai in an kira sallah. Zance da azumi a taƙaita, bayan asham ka ɗan tsaya ka tafi, yarinyar tun la'asar take gaban murhu kuma da asuba ita zata tashi ɗumame. Ranar sallah za a kawo maka tuwon sallah ko waina da miyar taushe, tukwicin wannan ya fi na kullum nauyi, ka tanade shi tun ana saura kwana goma kar ɗinki ya cinye kuɗin. Da babbar sallah in ka yi layya ka cire musu wuri mai kyau, in ba ka yi ba ba dole, kar ka je ka sayi cinya a kasuwa kace ragonka ne, garin ƙarami ne an san wanda ya yanka.

Ƙanin mijin nawa dai ya bi wasu ya watsar da wasu. Nace masa balangu da hanta, shi kuma ya ga kilishi ya fi burgewa a ido, ya je ya sayo mai tsada aka naɗe masa a takarda mai kyau ya kai. Kwana biyu sai ga ƙanin yarinyar a keke ya zo har gida da saƙo, wai kaka tace a gaya wa angonta ta gode, amma haƙoranta uku ne suka rage kuma tana son abinta, kilishin ta jiƙa shi a ruwa tun jiya har yanzu bai sauko ba, Juma'a mai zuwa in zai je Wudil ya taho mata da hanta.